Asana ko Microsoft Project: wacce za ta riƙe ayyukan albashi da ke dawowa duk wata?

Wa alaikumus salam, Malama. Ga yadda na fahimci tambayarki. Ke ce akanta a wani ƙaramin kamfani, kuma duk ƙarshen wata akwai ayyuka shida da ke bin juna a ofishinku: a karɓo takardun halartar aiki daga sassa, ki lissafa albashi, manaja ya sa hannu, a tura wa banki, a biya kuɗin fansho, a kai harajin albashi. A manhajar Trello kuke yanzu, kuma abubuwa suna zamewa. Wani ya ce ku koma Asana, wani kuma ya ce ai Microsoft Project ce uwar manhajojin tsara aiki. Kina neman wadda za ta dawo da ayyukan nan da kanta kowane wata, ta kuma san cewa na uku ba ya farawa sai na biyu ya ƙare.

Kowacce cikin biyun tana maimaita aiki, kowacce kuma tana ɗaure wani aiki da wani. Inda gizo ke saƙar shi ne in aka haɗa abubuwan biyu a kan aiki guda. Shawarata tun daga farko ita ce kada ki sa wa ayyukan shida maimaituwa ɗaya bayan ɗaya. Watan gaba ɗayansa za ki riƙa maimaitawa, da ayyukansa da ɗaurinsa, daga samfuri guda. Da wannan ma'aunin zan auna su.

Abubuwan biyu ba gida ɗaya suka fito ba, shi ya sa ba sa jituwa. Dabarar ɗaure ayyuka a Amurka ta tashi. A 1957 kamfanonin DuPont da Remington Rand suka fito da hanyar gano jerin ayyukan da jinkirinsu ke jinkirta komai, a 1958 kuma rundunar sojan ruwan ƙasar ta fito da wata hanyar tsara ayyuka mai suna PERT don shirin makamin Polaris. Duk ayyuka ne masu farko da ƙarshe, a yi sau ɗaya a tashi. Ƙa'idarsu ita ce kibiya gaba take tafiya, ba ta zagayowa. Har yau in kika ce wa Project aiki na shida ya koma ya riƙe na farko, ƙi za ta yi, ta ce kin yi da'ira. Maimaituwa kuwa daga kalanda ta zo. Umarni ɗaya ta sani, "ranar 25 ga kowane wata", ba ruwanta da ko an gama na watan jiya. Masu manhaja sun ɗora wannan a kan wancan, kowa da irin ɗinkin da ya yi.

A Asana, aiki mai maimaituwa ba ya fito da sabon kwafinsa sai an danna cewa an gama na yanzu. Mu bi shi daki-daki. A ce kin sa wa "lissafin albashi" maimaituwa, kin sa wa "sa hannun manaja" maimaituwa, sannan kin ɗaure su. Ranar 24 kika gama lissafi kika danna. Nan take lissafin wata mai zuwa ya bayyana. To da wa za a ɗaure shi? Sa hannun wata mai zuwa bai wanzu ba tukuna, don manaja ko taɓa na wannan watan bai yi ba. Abu biyu kaɗai ke iya faruwa: ko sabon lissafin ya fito babu ɗauri, ko ya maƙale da sa hannun watan da ake ciki. Babu wanda kike so a cikinsu. Kuma ba kuskuren saiti ba ne balle ki nemi maɓallin gyarawa. Duk manhajar da ke jiran a gama tsohon aiki kafin ta haifar da sabo haka za ta yi, ko wane ne ya rubuta ta.

Akwai illa ta biyu da ta fi wannan cizo a ofisoshinmu. Manaja ya sa hannu a takarda, ya miƙo miki fayil, ya shiga mota, bai tuna da wani dannawa a waya ba. A wajen Asana aikin nan bai ƙare ba. Zai zauna da jan kwanan wata, na wata mai zuwa kuma ba zai fito ba. Mantuwar mutum ɗaya ta tsinke jerin ke nan, kuma ba za a lura ba sai ranar da ake buƙatarsa.

Ƙarfin Asana yana wani wajen, wato samfurin shiri. Za ki gina shiri guda mai ayyuka shida, ki ba kowanne mai shi, ki ɗaure su, ki sa ranakunsu ta hanyar ƙirge daga ranar farawa: lissafi kwana biyu bayan farawa, sa hannu kwana uku, haka har ƙarshe. Sai ki adana shi a matsayin samfuri. Duk wata ki buɗe sabo daga samfurin, ki kira shi "Albashin Maris" ko "Albashin Afrilu", ki shigar da ranar farawa, komai ya zauna a gurbinsa. Ɗaurin ba ya warwarewa saboda ayyukan shida a tare suka fito. Aiki ɗaya tak za ki bar wa maimaituwa, naki na kanki: "buɗe albashin wannan wata", ranar 20. Da kin gama lissafi kin danna, saƙo zai je wa manaja cewa abin da yake jira ya kammala. Kowane wata kuma yana da ɗakinsa, da takardunsa da maganganun da aka yi a kansa, ranar da masu binciken kuɗi suka zo ba sai an yi ta tonon WhatsApp ba. Sai dai ki sani, ɗaure ayyuka da adana samfurin kanki duk suna cikin tsarin biya ne, kuma da dala ake biya, bisa yawan mutanen da kika sa.

Project ta bi ta ɗaya gefen. Ba ta jiran kowa ya gama komai. In kika ce mata aiki zai riƙa maimaituwa, tambayarki za ta yi sau nawa, ko zuwa yaushe, sannan ta shimfiɗa su duka a take: babban layi ɗaya, ƙarƙashinsa 'ya'ya 12, daga Janairu zuwa Disamba. Matsalar "bai wanzu ba tukuna" ta kau ke nan, don sa hannun Disamba ma yana nan tun a Janairu. Amma ba za ta ɗaure miki su ba. Ayyuka shida sau 12 layi 72 ne, ɗauri biyar a kowane wata kuma 60, duk da hannunki. Mutane da yawa sukan nemi gajeriyar hanya su ɗaure manyan layukan biyu, na lissafi da na sa hannu. Ma'anar hakan a wajen Project ita ce sa hannun Janairu ya jira sai an gama lissafin Disamba, don babban layi ba ya ƙarewa sai ɗansa na ƙarshe ya ƙare.

Ga kuma wani abu da ba a gani sai an leƙa bayanin aikin. Kowane ɗa cikin 12 ɗin nan Project tana kafe shi da sharaɗin kada ya fara kafin ranarsa. In aikin da ke gabansa ya makara, zai matsa gaba. In kuwa an gama da wuri, ba zai matso baya ba. Ofisoshi da yawa sukan biya albashi da wuri gab da Sallah ko Kirsimeti. A irin wannan watan sai kin bi ayyukan ɗaya-ɗaya kin kwance musu sharaɗin.

Don haka a Project ma maɓallin maimaituwa ba naki ba ne. Gina wata ɗaya da ayyukansa shida a ƙarƙashin babban layi, ɗaure su, sannan ki kwafi dunƙulen gaba ɗaya ki manna sau 11. Ɗaurin da ke tsakanin ayyukan da aka kwafa tare yana bin su. Abin da ya rage shi ne ki ba aikin farko na kowane wata ranarsa. Kin ga mun dawo kan dabarar da muka yi a Asana. Bambancin shi ne can wata-wata kike buɗewa, nan kuwa shekara guda kike shimfiɗawa a zama ɗaya.

Inda Project ta yi wa Asana nisa shi ne lissafin kwanaki, kuma jerinki yana da ranaku iri uku da ba hali ɗaya suke da shi ba. Ranar biyan albashi kamfani ne ya zaɓe ta, yana iya ɗagawa. Harajin albashi, wanda aka fi sani da PAYE, ranarsa a kafe take: 10 ga watan da ke biye ya kamata ya isa hukumar haraji ta jiha, ko kun biya albashi ranar 25 ko ranar 30. Fansho kuwa bin sawun biya yake yi. Dokar fansho ta Najeriya ta 2014 ta ce mai kamfani ya tura kuɗin, kashi 10 cikin 100 daga wajensa da kashi 8 daga albashin ma'aikaci a mafi ƙaranci, cikin kwana bakwai na aiki daga ranar da aka biya albashi, in ya wuce kuma akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 na abin da ba a tura ba a kowane wata. Kwana bakwai na aiki ba mako guda ba ne. In kun biya ranar Juma'a, wa'adin sai Talatar sama, kwana 11 ke nan a kalanda.

Project tana iya ɗaukar ukun kowanne da halinsa. Tana da ɗauri iri huɗu, ciki har da "fara bayan wancan ya ƙare" da "ku fara tare", kuma kowanne ana iya ƙara masa ratar kwanaki. Ki kafa alamar wa'adin fansho, ki ɗaure ta da biyan banki, ki rubuta 7d a gurbin rata, za ta ƙirga ranakun aiki kaɗai. In kika rubuta 7ed, da Asabar da Lahadi za ta haɗa. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, a kula. Shi kuma haraji akwai gurbin ranar ƙarshe da za ki cika da 10 ga wata. Wannan ba ya kafe aikin, amma in jinkirin baya ya tura shi ya ƙetare ranar, jar alama za ta fito a gefensa. Sannan ga kalandar ranakun aiki. Hutun Sallah ba a san ranarsa tabbas sai ya matso, gwamnatin tarayya ta sanar. Da an sanar ki shigar da kwanakin a matsayin hutu, duk lissafin watan ya sake zama da kansa.

A Asana ranakun samfuri daga ranar farawar da kika shigar ake ƙirga su. In biyan banki ya zame ko hutu ya faɗo a tsakiya, ke ce za ki duba ki tabbatar wa'adin fansho ya zauna daidai. Ni dai ban ɗauki wannan a matsayin babban rashi ba. Ofishin da ya sa biyan fansho kwana biyu bayan albashi bai da buƙatar injin da zai ƙirga masa rana ta bakwai. Wanda ke son ya riƙe kuɗin har daren wa'adi shi ne lissafin ke damu.

Kuma duk wannan ƙwarewar ta Project ta kan kwamfuta tana zaune ne a cikin fayil ɗaya, a na'ura mai Windows, gaban mutum ɗaya. An gina ta ne don mai tsara aiki ya zauna ya yi lissafi ya fito da jadawali. Ba za ta buga wa manaja waya ta ce lissafi ya kammala ba. In ana son sauran ma'aikata su riƙa gani suna dannawa, sai an haɗa da wasu hidimomin Microsoft na intanet, wani kuɗin ke nan da wani koyon. Ke kuwa damuwarki ba lissafin kwanaki ba ce. Cewa kika yi abubuwa suna zamewa tsakanin mutane.

Akwai abin da kika ambata da ya kamata mu warware: kina son manhajar ta hana a tura wa banki kafin manaja ya sa hannu. Babu wadda za ta yi miki wannan a cikin biyun. Asana za ta yi gargaɗi cewa aikin yana jiran wani, amma in mutum ya nace za ta bar shi ya wuce. Project ko gargaɗin ba lallai ba ne, kina iya rubuta cewa aiki na huɗu ya cika ɗari bisa ɗari alhali na uku bai motsa ba. A manhajar Jira ma, da ake ganin ta fi tsauri, alaƙar "wannan ya tare wancan" sanarwa ce kawai sai in an ƙara sharaɗi a tsarin tafiyar tikiti (haka ake kiran aiki a cikinta), ko da yake tana da sharaɗin da ke hana rufe babban tikiti kafin a rufe ƙananansa. Wadda ke ƙin rufe aikin da wani ya tare kai tsaye ita ce Redmine, kyauta ce kuma tun 2006 take, amma sai kin samu sabar, wato kwamfutar da za ki ɗora ta a kai, da wanda zai kula da ita, maimaituwa kuma sai an ƙara mata da wani ƙarin kaya. Ko da kin samu mai kullewar, abin da ta kulle shi ne dannawa a manhaja, ba fitar kuɗi ba. Kullen gaskiya a shafin banki na kamfanoni ake yin sa, inda mutum ɗaya ke shigar da biya, wani daban ya amince kafin kuɗi su fita. In ba ku kunna wannan ba, shi ya kamata ku fara nema kafin kowace manhaja.

Saura ɗaurin da ke tsallaka wata, wanda ba ki lissafa ba amma na san yana nan: ba a so a fara lissafin Afrilu alhali ba a daidaita asusun Maris da takardar banki ba. Wannan shi ne da'irar da Project ke ƙi in ayyukan guda shida ne kawai. Da zarar kowane wata ya zama dunƙule mai zaman kansa, ba da'ira ba ce kuma, kibiya ce daga Maris zuwa Afrilu. A Project ɗauri 11 ne za ki ƙara da hannu sau ɗaya a shekara. A Asana ɗauri ɗaya ne duk wata, ki yi shi a lokacin da kike buɗe sabon shirin, ki rubuta shi ma a cikin bayanin aikin nan naki na ranar 20 don kada ya kuɓuce.

Waɗanda suka warware wannan lamari sosai ba masu tsara aikin ofis ba ne, masu sarrafa bayanai ne. Manhajar Airflow, wadda aka fara a kamfanin Airbnb a 2014, tana raba zanen jerin ayyuka da kowane zagayensa: zane ɗaya ne, amma zagayen kowace rana abu ne daban mai tarihinsa. Tana da saitin da ke cewa aiki ya jira sai takwaransa na zagayen baya ya yi nasara, da wani da ke cewa a rama zagayen da aka tsallake ko a bar su. Ba ta ofishinki ba ce, da yaren kwamfuta na Python ake tuƙa ta. Amma tambayoyin nan biyu naki ne, ki amsa su a takarda kafin ki taɓa saiti. In watan jiya bai rufe ba, na yau zai fara? In an tsallake zagaye, akwai ramuwa? Albashi da fansho dole a rama. Taron mako da aka fasa ba a rama shi. Akwai ta uku: daga ina ake ƙirga zagaye na gaba, daga kalanda ko daga ranar da aka gama? Albashi na kalanda ne. Canjin man janareta kuwa daga ranar da aka yi na ƙarshe ake ƙirgawa. Asana tana da zaɓin biyun, masu manhajar Todoist kuma da alamar motsin rai suke rarrabewa, "every" na kalanda, "every!" na ranar gamawa.

Kafin ki kashe kuɗi, ki sake duba Trello ɗin da ke hannunki. Ba ta san ɗauri ba, gaskiya ne. Amma dabarar dunƙule tana aiki a cikinta: kati ɗaya na wata, jerin dubawa mai layi shida a cikinsa bisa tsari, sannan Card Repeater, wani ƙarin kaya na Trello, ya riƙa kwafo katin duk ranar 20. Shi da agogo yake kwafowa, don haka mantuwar manaja ba ta hana na wata mai zuwa fitowa. Raunin Trello shi ne tsarin kyauta ba ya bari a ba kowane layi mai shi da ranarsa, kuma ido ne kaɗai ke tsare bin tsari. In ku uku ne a ɗaki ɗaya, ta ishe ku. Manhajar ClickUp kuma tana tsakiya: tana barin ki zaɓi ko agogo ne zai fito da sabon kwafi ko gamawa, tana iya maimaita babban aiki tare da ƙananansa, tana kuma gargaɗi in za a rufe aikin da ke jiran wani. Saitunanta suna da yawa, mai sabon shiga yakan ɓata a ciki.

Tsakanin biyun da kika tambaya, Asana zan ce ki ɗauka, da samfuri, ba da maimaituwar ayyuka ba. Project ki bar wa ɗan kwangilar da ke gina asibiti, wanda jinkirin zuba kankare ke taɓa ayyuka ɗari a bayansa.

Duk wadda kika karkata gare ta, gwada ta a kwanakin gwaji na kyauta kafin ki ba da katin banki, don waɗannan kamfanonin suna yawan sauya yadda abubuwa ke aiki. Ƙirƙiri ayyuka uku masu bin juna, ki sa su dawo kullum maimakon duk wata don ki ga sakamako da wuri. Gama na farko, ki bar na biyu da gangan. Washegari ki buɗe ki duba ko sababbin sun fito duka ukun, ki shiga cikin sabon na farko ki ga da wa aka ɗaure shi, na yau ko na jiya. Sannan ki matsar da ranarsa zuwa Juma'a ki ga ko na biyun ya bi shi, kuma ko Asabar ya sauka ko Litinin.